Fiffiken Hagu: Binciken Faɗuwar Jirgina Mara Inji Bayan Gyara

Jirgin da zan ba da labarinsa ƙaramin jirgin sama ne da ake sarrafa shi da rimot daga ƙasa, ba shi da inji, ba shi da farfela. Daga tsinin fiffike zuwa tsinin fiffike mita 2 ne, nauyinsa kuma ranar da na gama haɗa shi giram 720, har da batir. Da katakon balsa, wani katako mara nauyi, na gina shi a kan zane, haƙarƙari bayan haƙarƙari, na lulluɓe shi da ledar nan mai tsukewa in ta ji zafi. Ƙirarsa ta tsofaffin jiragen koyo ce, dangin Gentle Lady na Carl Goldberg: cikin fiffiken a shimfiɗe yake, kowane ɓangare kuma yana da gwiwa a tsakiya inda rabin waje ya ɗaga sama. Abu biyu kaɗai ke motsi a jikinsa, duk a wutsiya. Ganyen da ke tsaye shi ne akala, shi ke karkata hanci dama ko hagu. Ganyen da ke kwance shi ne ganyen hawa, shi ke ɗaga hanci ko ya sunkuyar da shi. Fukafukan kansu babu abin da ke motsi a jikinsu. In ka ba shi akala hancin ya karkata, gwiwoyin nan ne ke sa jirgin ya kishingiɗa ya shiga kwana.

Da danƙo nake harba shi: roba mita 30 ɗaure da turke, a ƙarshenta igiya mita 100. Ka ja baya har robar ta miƙe, ka maƙala zoben igiyar a ƙugiyar da ke ƙarƙashin jirgin, ka sake shi. Ya hau sama a tsaye, igiyar ta sulluɓe, sauran aiki kuma tsakaninka da iska ne. Shekara biyu muna haka lafiya lau. Jirgi ne mai haƙuri, in ka rage masa gudu fiye da kima sai ya ɗan sunkuyar da kai, ya ɗebi gudu, ya ci gaba da tafiya kamar ba a yi ba.

Haɗarin farko ba shi da wani sarƙaƙiya. Ina saukowa na yi kuskuren auna tazara, tsinin fiffiken hagu ya daki sandar shinge. Rabin waje ya karye kamar taƙi guda bayan gwiwa: ginshiƙin fiffike ya rabu biyu, haƙarƙari huɗu suka murƙushe. Jirgin ya juya da ƙarfi, wutsiya ta bugi ƙasa, gangar jikin ta tsage daf da inda ganyayen wutsiya suke zaune.

Dare biyu na yi ina gyara, kuma sai da na yaba wa kaina. Ginshiƙin ban haɗa shi baki da baki ba, na yanka shi a karkace, tsawon yankan ninki goma na kaurin katakon, yadda gam zai sami wurin kamawa. Wannan daidai ne. Amma da yake tsoron sake karyewa ya cika min zuciya, sai na ƙara masa ƙarfen ƙafa: siririn filawud gaba da baya, na malala ifoksi, wani gam mai ƙarfi, har yana tsiyaya. Tsagewar wutsiya na naɗe ta da ƙyallen zaren gilas, ita ma na shayar da ita ifoksi. Da na zo lulluɓewa, a kan cinyata na ɗora fiffiken, hannu ɗaya riƙe da tsininsa, ɗaya riƙe da ɗan dutsen guga, ina bin ledar har ta miƙe tana sheƙi babu tamoji ko ɗaya. Na lanƙwasa fiffiken da hannu, na ji shi gagau. Na ɗora jirgin a kan 'yan yatsuna biyu ƙarƙashin ginshiƙi, na ga ya tsaya kusan daidai. Na ce an gama.

Ranar gwaji na fara da jifan hannu har sau biyar. Kowane jifa ya tafi a miƙe kamar an ja masa zare. Na kafa danƙo. A sama, duk sanda na sunkuyar da hanci don in keta iska, sai in ga yana kishingiɗa dama. Rimot yana da ƙananan maɓallai na tirim a gefen sanduna, kowane dannawa yana ɗan gusar da mazaunin ganye. Na danna na akala sau huɗu zuwa hagu, jirgin ya miƙe, na manta da zancen. Na kuma lura ganyen hawa ya yi kaifi, ɗan taɓawa kaɗan sai hanci ya zabura. Sannan sau biyu, ina kewayawa hagu cikin iska mai ɗumi da ke hawa, fiffiken hagu ya faɗi ba zato. Ina da tsayi, na saki sanduna ya farfaɗo. Na ɗora laifin a kan hargitsin iska, tunda gefen irin wannan iska dama ba ya rasa tangal-tangal.

A tashi na huɗu abin ya faru. Iska tana kaɗawa kamar mita 4 a daƙiƙa. Na biyo bayanta zan yi kwana in fuskance ta in sauka, jirgin yana wucewa ta gabana da gudun da ya yi min yawa a ido, sai na ɗan ja sanda baya. A tsayin da bai wuce mita 8 ba na ba shi akala hagu. Ya kishingiɗa, sai kawai fiffiken hagu ya nutse, hanci ya kalli ƙasa. Na ja sanda baya iya ƙarfinta, na tura akala dama. Ko gezau. Ya yi juyi ɗaya da rabi ya caki ƙasa.

"Rimot ya yanke!" Abin da ya fito daga bakina ke nan.

Akwai wani dattijo da muke tashi tare, ya fi shekara talatin yana wannan harka, tun zamanin da ake rataya alamar mitar rediyo a jikin allo kada rimot ɗin wani ya shiga na wani. Shi ya riga ni isa wurin. Hancin jirgin ya ragargaje har mazaunin fiffike. Fiffiken kuwa, da yake da zoben roba ake ɗaure shi, ya fincike ya faɗi gefe ko ƙwarzane babu. Dattijon ya tsuguna, bai taɓa komai ba, ya ce, "Samari, kada ka kashe komai tukuna. Motsa sanda mu gani."

Na motsa. Ganyen akala ya amsa, ganyen hawa ya amsa, daga cikin tarkacen.

"To ai yanzu ya dawo ne, Malam. Ɗazu da idonku kun ga bai ji ni ba."

"Na ga jirgin bai ji ka ba. Ban ga rimot bai ji ka ba."

Duk da haka bai hana ni bin zargina ba, shi ma ya taya ni. Muka sa rimot a yanayin gwajin nisa, wanda ke rage ƙarfin saƙo, na yi taku talatin baya, ganyayen suna bin hannuna sarai. Batirin mai ƙwaya huɗu ne, na bolt 4.8, mun auna shi ana motsa sarbo biyun, wato 'yan na'urorin da ke motsa ganyayen wutsiya, lokaci guda ya nuna sama da bolt 5. Muka jijjiga wayoyi, muka duba haƙoran sarbo, muka ja sandunan da ke tura ganyaye. Babu abin da ya saki. Rimot na zamani mai aiki a gigahaz 2.4 yana iya yankewa, ba a ce ba ya yi ba, amma a nisan mita 40, a fili, babu abin da ya shiga tsakani, shi ne na ƙarshe da ya kamata a tuhuma. Mu kuwa masu tashi shi muke fara tuhuma, domin shi kaɗai ne a cikin lamarin da ba hannunmu ya ƙera ba.

Sai ya karɓi rimot ɗin ya duba fuskarsa. "Wa ya danna tirim har huɗu?" Na ce ni ne, na gaya masa dalili. Ya tambaye ni ko kafin gyara yana buƙatar haka. Na ce a'a, a tsakiya yake zaune tun ranar farko. Ya ce in tafi da fiffiken gida kada in taɓa shi, zai zo da yamma.

Abu uku muka auna a kan teburina, kuma da ma'auni muka yi, ba da ido ba.

Na farko, muka rataye fiffiken da zare ta haƙarƙarin tsakiya. Hagu ya rinjaya nan take. Muka riƙa ɗora gutsattsarin darma a tsinin dama har ya daidaita, muka ɗora su a sikeli: giram 10, a nisan santimita 100 daga tsakiya. Wurin da na gyara yana santimita 70 daga tsakiya, ke nan filawud da ifoksina sun kai kimanin giram 14.

Na biyu, cibiyar nauyi. Zanen ya ce ta zauna milimita 70 daga bakin gaban fiffike, wato kashi 32 cikin 100 na faɗinsa, wanda yake milimita 220 a tsakiya. Muka tattara gutsattsarin hancin muka liƙe su da tef a mazauninsu, muka ɗora jirgin a kan fensir biyu a tsaye. Ya tsaya a milimita 78. Lissafin bai da wuya: naɗin da na yi wa wutsiya giram 9 ne, amma yana santimita 62 bayan cibiya, kuma hakan ya isa ya ja ta baya kusan milimita 8. Kan ɗan yatsa ya fi milimita 8 faɗi. Awon da na yi da yatsu ba zai taɓa nuna min wannan ba.

Na uku shi ne inda gizo ke saƙar. Ya kwantar da rabin waje na fiffiken dama a kan gilashi, ya danne gindinsa wajen gwiwa. Bakin baya na tsinin ya ɗaga daga gilashin milimita 5, kamar yadda zane ya tsara. Ya kwantar da na hagu haka nan. Bakin baya ya kwanta, bakin gaba ne ya ɗaga, milimita 3. Faɗin tsinin milimita 150 ne, saboda haka na dama yana murɗe da digiri 2 hancinsa ƙasa, na hagu kuma da kimanin digiri 1 hancinsa sama. Bambancin digiri 3 tsakanin fukafukan jirgi ɗaya. Na ɗaga fiffiken na hango shi ta baya da ido ɗaya, sai ga murɗar ƙarara. Tana nan tun daren da na yi guga, ban dai duba ba.

Ga dalilin da ya sa murɗar nan take da nauyi haka. Fiffike yana ɗaga jirgi ne gwargwadon gudunsa da kusurwar da yake tarar iska da ita. In gudu ya ragu dole kusurwa ta ƙaru. Amma tana da iyaka, a irin waɗannan ƙananan fukafukai wajen digiri 10 zuwa 12. In aka wuce nan, iskar da ke bin bayan fiffiken ta saman sai ta suɓuce, ta hargitse, ɗagawa ta zube. Masu zana jirgi sun san ba za a hana wannan aukuwa ba, abin da suke nema shi ne ya fara daga tsakiya. In tsakiya ta fara saki, tsinin biyu suna riƙe, hanci ne kawai zai sunkuya. Shi ya sa ake murɗa tsini ƙasa da gangan, domin ya kasance shi ne na ƙarshen kai wa iyaka. Tsini kuma tun asali a bakin rami yake zaune, don ya fi siranta, kuma iska ta fi saurin sakin siririn fiffike mai tafiya a hankali. Akwai lambar da ake auna wannan da ita, lambar Reynolds: a tsinin jirgina, in yana tafiya a hankali, wajen 55,000 ce, alhali a jirgin fasinja miliyoyi ce. Gwaje-gwajen da Michael Selig da abokan aikinsa suka yi a ramin iska, a Princeton cikin shekarun 1980 sannan a Jami'ar Illinois, a kan irin wannan yanki suka yi su, inda halin fiffike ke canzawa da ɗan abu kaɗan. Ni kuma da dutsen guga na kwance kariyar ɓangare ɗaya na juya ta baibai. Irin wannan fiffike da ba a rufe gabansa da katako ba, yawancin ƙarfinsa na ƙin murɗewa daga ledar yake samu. Yadda ka riƙe shi sanda ledar ke hucewa, haka zai zauna.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda kurakuran biyu suka rufa wa juna asiri. Nauyin giram 14 yana jan jirgin hagu, kuma jansa ɗaya ne ko ana gudu ko ana rarrafe. Murɗar kuwa tana sa fiffiken hagu ya ɗaga fiye da na dama, tana tura jirgin dama, kuma turin nata yana ƙaruwa da gudu: in gudu ya ninka biyu, ita ta ninka huɗu. A jifan hannu, inda jirgin ke tafiya a hankali, sai suka yi kunnen doki, na ga tafiya miƙaƙƙiya. A sama da na ƙara gudu, murɗa ta yi rinjaye, ya karkata dama. Nan ne jirgin ya faɗa min gaskiya, ni kuma na toshe masa baki da tirim huɗu. Daga lokacin akalar tana ɗan jan hagu a kowane hali. Da gudu ya ragu a kwanar ƙarshe, sai komai ya taru a ɓangare guda: nauyi hagu, akala hagu, tsinin da ya fi kusa da iyaka shi ma hagu. Ga shi kuma a kwana ana saukowa, fiffiken ciki ya fi na waje jinkiri kuma kusurwarsa ta fi girma.

Cibiyar nauyin da ta koma baya ba ita ta kayar da shi ba, milimita 78 jirgi na iya tashi da ita. Aikinta shi ne ta rage masa ɗabi'ar nan ta sunkuyar da kai da kansa in gudu ya yi ƙasa, ta kuma sa ɗan jan da na yi wa sanda ya yi tasirin da hannuna bai saba ba. Ƙarin nauyi gaba ɗaya kuwa, wanda wasu a filin suka ce shi ne, na cire shi daga lissafi. Giram 23 a kan 720 kashi 3 ne cikin 100, abin da zai ƙara wa gudun suɓucewa bai kai kashi 2 ba. Ba yawan gam ɗin ne matsala ba, inda na zuba shi ne.

Sai nawa rabon a matsayin matuƙi, wanda dattijon bai sassauta min a kai ba. Jirgi mai wannan nauyi da faɗin fiffike yana suɓucewa a wajen mita 5 da rabi a daƙiƙa in yana tafiya a miƙe. In ya kishingiɗa digiri 45, fiffike yana ɗaukar nauyin jirgin ninki 1.4, gudun suɓucewa ya ƙaru da kashi 19 cikin 100, ya kai wajen mita 6 da rabi. Sanda na ga yana gudu a gabana, iskar da ke bayansa ce ta ƙara masa mita 4 a idona. Mita 10 nake gani, shi kuwa 6 yake ji a fiffikensa. Na rage masa abin da ba shi da shi, sannan na sa shi kwana. Da ya faɗi kuma na ja sanda baya, wanda shi ne ke riƙe fiffike cikin suɓucewa. Maganin shi ne a saki ganyen hawa ko a ɗan tura gaba, a bari ya ɗebi gudu, kafin akala ta yi wani amfani. A mita 8 ko na yi hakan da wuya ya isa. Ra'ayina dai, da fiffiken nan lafiyarsa ƙalau, kuskurena zai tsaya ne a sauka mai tsauri, tunda na sha yin irinsa a shekara biyun baya jirgin yana yafe min.

Gyara na biyu ya ci mako guda. Hancin bai ba ni wahala ba, sabon katako ne kawai. Wutsiya na bi ta da samfefa har na rage giram 4. Fiffiken hagu na yaye ledarsa, na ɓamɓare filawud ɗin baya, na kankare ifoksin da ya daskare a lungu-lungu, na sa siririn balsa tsakanin sama da ƙasan ginshiƙi, jijiyar katakon a tsaye yadda take ɗaukar nauyi. Rarar ta sauko daga giram 14 zuwa 5, sauran na biya ta da darma giram 4 a tsinin dama. Wajen lulluɓewa na danne fiffiken a kan allo da jakunkunan yashi, na cusa ɗan katako mai kaurin milimita 5 ƙarƙashin bakin baya na tsini, na yi gugar sama a haka, na bar shi ya huce, na juya na yi ta ƙasa, na sake mayar da shi kan allo na auna. Sai a karo na uku ya zauna. Na ƙara darma a hanci har fensir biyu suka nuna 70, na mayar da tirim duka tsakiya.

Gwajin wannan karo a sama na yi shi, inda akwai wurin kuskure. Na fuskanci iska na riƙa jan sanda sannu a hankali har ya suɓuce: hanci ya sunkuya, fukafukai a daidai. Na maimaita cikin kwanar hagu, sannan ta dama. Na sunkuyar da shi kamar digiri 30 na sake sanda in ga yadda zai fito. Jirgin da hancinsa ya yi nauyi zabura sama yake yi, wanda wutsiyarsa ta yi nauyi ƙara nutsewa yake yi, nawa ya ɗago a hankali cikin doguwar lanƙwasa, kuma bai karkata ko'ina ba duk da gudun. Dattijon yana tsaye a gefena hannuwansa a baya, abin da ya ce kawai shi ne, "Sake yin ta hagun."

Bayan wata biyu na bar fiffiken cikin mota da rana na 'yan sa'o'i. Kafin in ɗaura shi na kwantar da shi a kan allo na gwada da ɗan katakon nan, wanda yanzu a akwatin rimot yake zama. Na dama 5, na hagu ya koma 3. Ranar ban kafa danƙo ba, na koma gida na jona dutsen guga.